Wane gilashi ya dace da majigin da ake haɗawa a gida?

Aminu T/Wada:
Assalamu alaikum. Masana na wannan zaure, ina neman shawara kafin in kashe kuɗi. Ina so in haɗa majigi da hannuna don kallo a ɗaki da dare. Abin da ke hannuna shi ne allon LCD mai inci 7, 1280 x 800, da bod ɗinsa mai kafar HDMI. Ɗakin mita 4 ne daga bango zuwa bango, burina kuma hoto ya kai inci 100. An ce mini gilashin ƙara girman rubutu, irin wanda ake samu a Sabon Gari, ya isa. Gaskiya ne? In ba haka ba, me zan nema?

Malama Rabi, Kongo:
Wa alaikumus salam, Aminu. Ka kyauta da ka faɗi girman allo da tsawon ɗaki, don su biyun nan ne za su zaɓa maka gilashi. Ga yadda ake lissafin.

Raba girman hoton da kake so da girman allo: 100 ÷ 7 = 14.3. Wato sau 14.3 za a faɗaɗa hoton. Akwatin majigin kansa zai ci kusan santimita 60 na ɗakin, saura mita 3.4 daga gilashin gaba zuwa bango. Sai ka ƙara ɗaya a kan 14.3, ka raba tazarar da shi: 3400 ÷ 15.3, ya ba ka kusan milimita 222. Ke nan gilashi mai tsawon fokas 220 ne naka, wato tazarar da yake tara hasken abu mai nisa a wuri ɗaya.

In ka sa mai 320, irin wanda ake yi wa manyan alluna, hoton ba zai wuce inci 67 ba a wannan ɗaki. In kuma ka sa mai 150, zai haura inci 150, ya fi ƙarfin bangon, haske kuma ya watse.

Daga allo zuwa gilashin gaba kuwa, 220 + (220 ÷ 14.3), kusan milimita 235. Riƙe wannan adadi, da shi za ka yanka katako.

Batun gilashin ƙara girman rubutu: zai fitar da hoto, amma tsakiya kaɗai za ta fito tangaran. Gilashi guda ɗaya ba ya tara ja da shuɗi a wuri ɗaya, shi ya sa za ka ga bakin rubutu da launin bakan gizo. In ka saita tsakiya kusurwoyi su yi dishi-dishi, in ka saita kusurwoyi tsakiya ta tafi. Maganin wannan shi ne tirifilet, gilasai uku a cikin bututu ɗaya, biyu masu tudu a waje da mai kwarmi a tsakiya. Tsohon tsari ne, tun 1893 H. Dennis Taylor ya fito da shi a Ingila, har yau kuma da shi ake aiki.

Injiniya Bala, Samaru:
Malama ta gama da gilashin gaba, bari in jera abin da ke bayansa. Daga ƙarshen akwati zuwa gaba: ƙwan LED a kan ƙarfen shan zafi, ƙaramin gilashin kwandensa mai tattara hasken ƙwai, Fresnel na baya, allon LCD, Fresnel na gaba, sannan tirifilet.

Fresnel faranti ne na roba mai haske, gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen da zobba a jere kamar saƙar faifai. Na baya yana karɓar hasken da ya bazu daga ƙwai ya miƙe shi ya ratsa allo a tsaye. Na gaba yana tattaro hasken da ya fito daga allo ya zuba shi cikin tirifilet. In babu na gaba, mafi yawan hasken a bangon akwati zai ƙare, a samu da'ira mai haske a tsakiyar hoto, gefe kuma duhu.

Ga allonka, na baya mai fokas 140, na gaba wanda ya ɗan ɗara na tirifilet da milimita 10 zuwa 20, wato 230 ko 240. In ba a samu ba, 220 ma zai yi aiki. Wurin da ke nuna hoto a allon inci 7 irin naka kusan milimita 151 ne a 94, don haka kowane Fresnel ya wuce haka da aƙalla milimita 10 ta kowane gefe. Kuma in za a yanka shi, a yanka daidai wa daida daga kowane ɓangare, cibiyar zobban ta zauna a tsakiyar allo.

Abu biyu da ake yawan kuskurewa. Gefen zobba na duka biyun allo yake kallo: sumul ɗin na baya yana fuskantar ƙwai, sumul ɗin na gaba yana fuskantar tirifilet. In aka juya, kusurwoyi za su yi duhu. Sannan kada a manna su a jikin allo. A bar milimita 10 zuwa 15 ta kowane gefe, in ba haka ba zobban za su fito a bango tare da hoton, ga shi ta wannan tsagar ce iska za ta bi ta sanyaya allon.

Aminu T/Wada:
Na gode Malama, na gode Injiniya. To me ya sa ba za a sa na baya mai 100 ko 120 ba, tunda akwatin zai gajarta?

Injiniya Bala, Samaru:
Zai gajarta, zai ma kama haske fiye da mai 140. Matsalar tana kusurwa. Daga tsakiyar allonka zuwa kusurwa milimita 89 ne. In ƙwai yana nisan 140, hasken da zai je kusurwa ya karkata da digiri 32, kuma a wannan karkacewar kusan rabin hasken tsakiya ne ke isa can. A nisan 120 karkacewar ta kusa digiri 37, abin da ke isa ya sauko kusan kashi 40 cikin 100. Ido yana yafe rabi, amma ƙasa da haka za ka fara ganin hoton ya yi baƙin gefe.

Akwai kuma na biyu. Fresnel biyun suna zana siffar ƙwan a bakin tirifilet, girmanta kuwa shi ne girman ƙwai sau na gaba a raba da na baya. Ƙwan wat 100 da aka saba, wurin da ke haske a jikinsa kusan milimita 25 ne a 25, daga kusurwa zuwa kusurwa 35. Da 140 da 230, siffar ta kai kusan milimita 57. Da 100 da 230 kuwa ta kai 80. Duk abin da ya wuce faɗin tirifilet ɗinka asara ne. Shi ya sa in za ka sayi tirifilet, bayan fokas ka tambayi faɗin bakinsa. Kada ya gaza 60, in da hali 70 ko 80.

Baba Ɗanlami mai gyaran talbijin:
Yara, kafin a fara odar kaya daga waje, a duba abin da ke kusa. Tsohon majigin aji, wanda ake ɗora leda mai rubutu a kansa, yana ɗauke da kusan duk abin da ake magana. Ƙarƙashin gilashin da ake ɗora ledar akwai Fresnel biyu a manne, a kansa akwai gilashin haskawa mai fokas wajen 280 zuwa 320, ga kuma madubi. Garin nan na Zariya garin makarantu ne, irin waɗannan injuna ba sa wuyar samu wurin masu gwangwan. A duba kan kawai: wasu gilashi ɗaya ne, wasu uku. Ka haska tocila a ciki ka ƙirga ɗigon hasken da ke dawowa. Biyu, gilashi ɗaya ne. Wajen shida, tirifilet ne.

Haka tsofaffin injunan fotokwafi na da, irin waɗanda masu gyara a Samaru ke ajiyewa don cire kaya. Akwai gilashi mai kyau a ciki da dogayen madubai.

Malama Rabi, Kongo:
Baba, Allah ya ƙara girma, shawara ce mai kyau, sai dai ba ta dace da allon Aminu ba. Fokas 300 a ɗakinsa inci 72 zai ba shi. Wannan kaya sun fi dacewa da allo mai inci 10: a nisan mita 3.3 zai kai inci 100 ɗin, kuma faɗin allon milimita 217 ne, zai zauna cikin Fresnel ɗin da sarari.

Gilashin fotokwafi kuma an yi shi ne don ya ɗauki takarda ya mayar da ita kusan girmanta. In aka sa shi faɗaɗawa sau goma sha huɗu, gefe ba ya fita sosai, bakinsa kuma yakan yi ƙanƙanta. Ya fi gilashin karatu nesa ba kusa ba, amma a gwada kafin a gina akwati a kansa.

Duk gilashin da aka samo ba rubutu a jikinsa, ga yadda ake auna shi. A tsaya cikin ɗaki, a fuskantar da shi taga, a riƙe farar takarda a bayansa, a matsa har siffar wani abu mai nisa, bishiya ko dogon gini, ta fito sarai a juye. Tazarar daga tsakiyar gilashi zuwa takarda ita ce fokas. Da hasken rana kai tsaye ma ana yi, amma ban so, musamman da Fresnel: cikin daƙiƙoƙi yake kunna takarda, kuma ɗigon yana cutar ido. Kada a bar shi a tsakar gida inda yara suke.

Baba Ɗanlami mai gyaran talbijin:
Haka ne Malama, lissafinki ya fita. To ko da ya bar gilashin, ya ɗauki madubin. In zai naɗe hanyar haske don akwati ya gajarta, madubin ɗaki ba ya yi, don azurfarsa a baya take, hasken zai dawo sau biyu, rubutu ya fito da inuwa. Wanda ake so azurfarsa a fuska take. Ka ɗora bakin biro a kai: in biron ya taɓa hotonsa ba rata, shi ne. Kada a goge shi da tsumma, nan da nan yake karcewa.

Nura PZ:
Ni ina da ja a kan LED. Ƙwan metal halaid mai wat 400, irin na fitilun filin wasa, yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) sama da 30,000. LED mai wat 100 kuwa da ƙyar yake kai lumen 10,000. Tunda an ce allo yana cinye haske, me ya sa ba za a fara da mai yawa ba?

Injiniya Bala, Samaru:
Nura, adadinka daidai ne, kuma da shi aka riƙa haɗawa kafin LED mai ƙarfi ta yi araha. Amma ka duba abin da ke biyo shi. Haskensa ta kowace fuska yake fita, sai da madubi mai kwarmi a baya kafin a ceto wani abu. Yana buƙatar balas, wato na'urar daidaita wutarsa, da abin tayarwa mai ba da dubban bolt. Yana fitar da zafi da hasken UV, dole a sa gilashin tare su, in ba haka ba Fresnel ya lanƙwashe, allo ya yi rawaya. Yana ɗaukar mintuna kafin ya cika haske, in kuma wuta ta ɗauke ta dawo ba zai kama ba sai ya huce. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu a Zariya, cikin akwatin katako, a kan ƙaramin allo mai inci 7. A allo mai inci 15 akwai faɗin da zafin zai bazu, a nan babu. Ga mai inbata ko ƙaramin janareta kuma, wat 400 da wat 100 ba ɗaya ba ne.

Nura PZ:
Na yarda da batun ɗauke wuta. Amma a faɗa masa gaskiyar hasken da zai samu, kada ya ji inci 100 ya ɗauka irin na gidan kallon ƙwallo ne.

Malama Rabi, Kongo:
Wannan magana ta Nura ita ce ya kamata kowa ya ji kafin ya sayi ko kusa ɗaya. A ce ƙwan yana ba da lumen 9,000. Haskensa yana bazuwa kusan digiri 120, kuma in ba kwandensa, abin da ke faɗawa kan allo mai inci 7 a nisan 140 bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Da kwandensa mai kyau a ce an ninka, an samu 3,600. Sai allo: ledar folaraiza ta baya, wato matatar hasken da ke manne a gilashin allo, ta cinye fiye da rabi, matatun launi na ja da kore da shuɗi su cinye kusan kashi biyu cikin uku na ragowar, baƙaƙen layukan da ke tsakanin ɗigo su ma su tare nasu. Abin da ke wucewa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sau da yawa wajen 6 ne. Saura 200 da 'yan kai. Fresnel biyu da tirifilet su ci nasu. Abin da zai isa bango lumen 150 ne zuwa 200.

Hoton inci 100 na irin allonsa santimita 215 ne a 135, kusan murabba'in mita 2.9. Na inci 70 kuwa 151 ne a 94, kusan 1.4. Haske ɗaya ne, fili ya ragu da rabi, don haka hoton zai ninka haske. Shawarata, Aminu, ka riƙe tirifilet mai 220 ɗin, amma ka fara a nisan mita 2.4, inci 70. In ka toshe taga da labule mai kauri ka ga ya gamsar, sai ka ja baya. Da rana ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe kuwa, wannan majigi ba zai yi ba ko kaɗan.

Aminu T/Wada:
Na fahimta Malama. In na riƙa matsar da shi gaba da baya, yaya zan yi da saitin fokas?

Shehu kafinta, Hanwa:
Wannan ɓangarena ne. Da gilashi mai 220, in bango yana nisan mita 2, allo zuwa gilashi 247 ne, in mita 4 ne 233. Duk tafiyar ba ta wuce milimita 15 ba, amma ka bar wa kanka 30. Hanya mafi sauƙi bututun PVC biyu, ɗaya cikin ɗaya: na waje a kafe a fuskar akwati, tirifilet a cikin na ciki, a naɗa masa ƙyalle ko salatif don ya riƙa tafiya da ɗan tauri ba tare da sunkuyawa ba.

Akwati filawud mai kauri 9 ko 12 ya isa. Allo da Fresnel kowanne a yi masa firam nasa, a zura su cikin tsagi, kada a sa gam. Roba tana buɗewa in ta ji zafi, in an matse Fresnel ta ko'ina zai yi doro, don haka a bar masa milimita ɗaya ko biyu na wasa. Ciki a shafa baƙin fenti marar ƙyalli daga allo zuwa gaba, don hasken da ya ɓace kada ya dawo ya wanke baƙin hoto. Abu mafi muhimmanci, a ja layi ɗaya a tsakiyar katakon ƙasa kafin komai. Cibiyar ƙwai, ta kwandensa, ta Fresnel biyu, ta allo da ta tirifilet, duk a kan layin nan, a tsayi ɗaya. Milimita uku in ta kauce a wurin ƙwai, gefe ɗaya na hoto zai fi ɗaya haske.

Kada kuma a yanka katako sai an jera komai a kan tebur da kwali an kunna an gani.

Injiniya Bala, Samaru:
Ƙari a kan maganar Malam Shehu: ƙwan ma a ɗora shi a kan abin da zai iya zamewa gaba da baya. Kwandensa yana sa ƙwan ya zama kamar ya fi girma kuma ya fi nisa, don haka in an sa shi, ƙwan ba zai tsaya a 140 cif ba, zai matso ciki. Da gwaji ake gano wurin. Cire tirifilet, riƙe takarda a gurbinsa, rage wutar ƙwai, matsar da shi har ɗigon haske a takardar ya yi mafi ƙanƙanta. Nan ne mazauninsa. In bayan an haɗa ka ga kusurwoyi sun yi rawaya-rawaya ko shuɗi-shuɗi, tazarar nan ce ba ta zauna ba.

Wutar ƙwai: mai wat 100 yana son bolt 30 zuwa 36, amfiya 3, kuma direba, wato bod ɗin ba shi wuta, mai riƙe amfiya ake sa masa. In an ba shi bolt kawai ba iyaka, yana ɗumi yana ƙara ja har ya ƙone. A tsayar da shi a amfiya 2.4 ko 2.5, hasken da za a rasa kaɗan ne, zafi kuma ya ragu sosai. Cajar laftof mai bolt 19 da amfiya 4.74 wat 90 ce gaba ɗaya, in an bi da ita ta bod mai ɗaga bolt kada a nemi fiye da wat 70 a ƙwai. Mai amfani da batir mai bolt 12 ya sani zai ja kusan amfiya 9 zuwa 10, waya ta zama mai kauri, da fis. Irin ƙwan nan da ake jona wa wutar gida kai tsaye ba direba, a bar shi: yana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, kuma ga wuta mai kisa a fili cikin akwati. Launin haske a nemi fari tas, wanda ake rubuta wa 6000 zuwa 6500K.

Kafin a biya kuɗin ƙwai a gwada shi da ƙaramar wuta, a ɗaga bolt a hankali har ya fara ɗan haske. 'Yan ƙwayoyi ɗari ne a ciki, goma a goma. In duka suka taso tare, mai kyau ne. In wasu layuka sun yi haske wasu sun mutu, zai yi saurin lalacewa. Kada a kalle shi da cikakkiyar wuta, kada kuma a kunna shi ko na daƙiƙa biyar ba a kan ƙarfen shan zafi ba. Na furosesar kwamfuta mai bututun jan ƙarfe da fankarsa shi ya fi, da farin man nan na isar da zafi a shafa siriri tsakanin ƙwai da ƙarfen.

Baba Ɗanlami mai gyaran talbijin:
Saura fiɗar allon, inda aka fi yin asara. Ana cire ƙarfen baya, da farar takarda, da farantin roba mai raba haske, da ledojin da ke kwance a sake, da layin 'yan fitilu. Abin da zai rage gilashi ne siriri mai duhu-duhu. Ledar da ke manne a fuska da bayan gilashin folaraiza ce, ba a taɓa ta. In aka ɓare ta, fari fat za a gani, ba hoto.

Fileks ɗin, wato siririyar leda mai ɗauke da wayoyi, da ya fito daga gefen gilashi shi ne ran allon. A naɗe yake zuwa baya, dole a miƙe shi don kada ya tare haske. A miƙe shi sau ɗaya a hankali, a tallafe shi da firam, kada bod ya rataya a kansa. In ya ɗan tsage a inda ya manne da gilashi, layuka za su fito a hoto kuma ba a gyarawa da kayan hannu. In gajere ne a sayi na ƙari mai adadin ƙafafu iri ɗaya. Wasu bod kuma ba sa ba da hoto sai sun ji fitilun baya a jone, don haka kada a yar da layin fitilun: a bar shi a jone a rufe shi da baƙin salatif a gefe.

Masu tunanin allon waya su duba: in AMOLED ne ba zai yi ba, don shi da kansa yake haske, ba a ratsa shi.

Hadiza Gyallesu:
Baba, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya, batun juya allo. Tirifilet yana kifar da hoto. In ba madubi a hanya, ana sa allon ƙasa a sama, kuma fuskar da aka saba kallo ita ce za ta fuskanci ƙwai. In fuskar ta kalli tirifilet, ko an kifar da shi rubutu zai fito a baibai, dama a hagu. In akwai madubi ɗaya, sai fuskar ta koma kallon gaba. A tabbatar da wannan tun a gwajin tebur, don shi zai nuna ta inda fileks zai fita da inda bod zai zauna.

Sannan in fuskar allon mai hazo ce, irin wadda ba ta ƙyalli, tana watsa haske ya kauce wa tirifilet. Ana cire wannan fatar ta sama ta hanyar shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu na sa'o'i, ba tare da ruwa ya taɓa gefe ba, amma kasadar ɓaro folaraiza tare da ita tana da yawa. Wanda bai riga ya sayi allo ba ya nemi mai sheƙi tun farko.

Nura PZ:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Wasu suna sa Fresnel biyun duk a bayan allo. Wanne ya fi?

Malama Rabi, Kongo:
In duka suna baya, babu roba tsakanin allo da tirifilet, hoto ya fi kaifi. Sai dai hasken yana ratsa gefen allo a karkace, baƙi ya ɗan yi toka-toka a can, kuma dole majigin ya fuskanci tsakiyar bango daidai. In an raba su, ana iya karkata na gaba kaɗan, digiri 10 zuwa 15, a gyara hoton da ya buɗe ta sama saboda majigin yana ƙasa, amma duk karkatawa tana rage kaifi a sama ko ƙasa. A allon Aminu kowane ɗigo zai kai milimita 1.7 a hoton inci 100, ɗan laushin da Fresnel na gaba ke kawowa ba zai dame shi ba. Ni na fi son a raba, a kuma ɗora majigin a tsayin tsakiyar hoto don kada a buƙaci karkatawa. Mai allon 1920 x 1080 ko sama shi ne ya kamata ya gwada duka biyun, tunda tsagi ne kawai zai sauya.

Aminu T/Wada:
Allah ya saka da alheri. Fanka nawa zan sa, kuma a ina?

Injiniya Bala, Samaru:
Biyu aƙalla, kuma hanyoyinsu daban. Ta ƙarfen shan zafi ta jawo iska daga waje ta fitar waje, kada iskarta mai zafi ta je wurin allo. Ta biyu, mai milimita 80 da bolt 12, ta zuƙo iska ta fitar: a yanka doguwar tsaga a saman akwati daidai kan ratar da ke tsakanin Fresnel na baya da allo, a toshe sauran kafofi, yadda iskar dole ta gangara ta fuskar allon kafin ta fita. Ka tuna sama da kashi 90 na hasken da ya faɗa kan allo a jikinsa yake zama zafi. In ya wuce kima za ka ga baƙin tabo ya fara daga tsakiyar hoto yana faɗaɗa, a kashe nan take. In an yi sa'a yana huce ya dawo, in an maimaita folaraiza ta ƙone ta yi ruwan ƙasa har abada. A manna ƙaramin ma'aunin zafi a gefen firam, a nemi ya tsaya ƙasa da digiri 45. Lokacin bazara iskar ɗakin kanta tana iya haura 35, don haka ratar kaɗan ce, gara a rage amfiyar ƙwai zuwa 2 a waɗannan watanni. A haɗa fankokin da ƙwai a makunni ɗaya, yadda ƙwan ba zai taɓa kamawa ba su ba.

Shehu kafinta, Hanwa:
Kuma a tuna da hunturu. Ƙurar da ta sauka a fuskar allo a bango take fitowa, an faɗaɗa ta sau goma sha huɗu. A sa siririn soso a bakin tsagar da iska ke shiga, wanda za a iya zarewa a wanke, kada ya yi kaurin da zai shaƙe fanka. Murfin sama a ɗaure shi da sukurori huɗu maimakon ƙusa. In za a share Fresnel a fara hure ƙurar, sannan a wanke da ruwa da ɗan sabulun ruwa, a bar shi ya bushe a tsaye a inuwa. Fetur, tina ko sifirit suna sa robar ta yi fari ta tsattsage. Bangon da za a haska kuma a yi masa farin fenti marar sheƙi hannu biyu, a goge da sanfefa mai laushi tsakanin hannu na farko da na biyu.